Ƙanƙara a Hanyar Mafaza

Mun tashi da asuba daga Gadarif, masallata ba su gama watsewa ba muka bar unguwa. Ku da kuka dame ni da tambayar abin da ya kumbura mini goshi, ga labarin. Sau ɗaya zan faɗa, kada wani ya sake tambayata.

Mu uku ne: ni, da yayana mai tuƙi, da Goggo ƙanwar Baba. Mafaza muka nufa wurin Adda, babbar yayarmu da ke aure can, watan haihuwarta ta biyu ya kama. Goggo za ta zauna mata jego, mu kuma mu sauke kaya mu juyo. Kayan sun cika bayan mota: sabon angarib, gadon igiya da Baba ya sa aka saƙa mata, da katifar auduga, da jar tabarma ta birish, da zannuwan gado, buhunan dawa, tukwane da babbar siniya, tiren ƙarfe na cin abinci.

Motar boksi ce, a-kori-kura tsohuwa, ta Baba, kuma ita ke ciyar da gidanmu. Yankan riɗi ya kusa. Ita za ta riƙa kai leburori gonakin Fashaga tana dawowa da kaya, abin da ta samo a 'yan makonnin nan shi muke ci har wata damina. Baba ƙafa ta hana shi doguwar tafiya, sai ya dogara sandarsa ya raka mu ƙofar gida, ya ɗora tafinsa a kan gilashin gaba.

"Taya in ta fashe a liƙe," ya ce wa Yaya. "Inji in ya ƙi akwai makanike. Wannan kuwa, tun da yaƙi ya hargitsa kasuwa ba a samunsa a garin nan, sai an aika nesa an jira, kuma ba ni da kuɗinsa. In ya fashe, kakar bana ta wuce mu."

Na ce a raina, tsohon nan da tsoro. Me zai fasa gilashi tsakanin nan da Mafaza?

Kwalta ba laifi, in ka cire ramuka da shingayen sojoji. A kowane shinge sai an leƙa kaya, an tambayi ina za mu, Goggo kuma sai ta ba su tarihin cikin Adda tun daga wata na farko. Mun tsaya karin kumallo wurin wata mai shayi a gefen hanya. Kuɗin da a da yake sayen farantin dafaffen waken ful da burodi, yanzu kofin shayi da soyayyar zalabiya 'yan ƙwaya yake saya, zalabiyar ma ta sha iska. Kusa da mu wasu leburori ne zaune da laujunansu a naɗe cikin tsumma, suna jiran motar da za ta kai su mashru, wato manyan gonaki. Ɗaya ya dubi angarib ɗinmu ya ce Allah Ya sauke ta lafiya. Jar tabarmar ya gani, ya san gadon mai haihuwa ne.

Da muka bar kwalta muka hau radmiyya, hanyar tsakuwa da aka ɗaga sama da gonaki. Dama da hagu riɗi ne da dawa har iyakar ganinka, ƙasa baƙa ƙirin. Duk ɗan Gadarif ya san ƙasar nan. In ta bushe ta tsage kamar ƙafar manomi, in ta ga ruwa ta kama taya kamar danƙo, sai tarakta. A wani kwari muka tarar wata babbar mota ta kafe ta tare hanya. Nan muka zauna, rana na dukanmu, maza na ta ihun "yalla, yalla" ba abin da ke motsi. Na sauka na ce musu surutu ba ya tura mota. Yaya ya ce in koma in zauna kafin in jawo mana duka. Sai bayan azahar aka janye ta.

Daga nan abin ya fara. Zafin ya canja, ya yi nauyi, iska ta ɗauke ɗif. Tsuntsayen da ke cin dawa duk suka ɓace. Na waiga gabas, wajen Habasha, na ga hadari ya taso kamar an gina katanga. Baƙi ne, amma cikinsa da wani kore-kore mai fari a ƙasa, irin wanda ban taɓa gani ba. Wani makiyayi ya wuce mu yana korar awakinsa da gudu, ko sallamar Yaya bai amsa ba. Sai wata iska mai sanyi ta bugo ta taga, sanyi irin na bakin firiji, a tsakiyar wannan zafi.

Yaya ya leƙa ta taga. Ya dubi madubi, ya sake duba.

"Wannan ba ruwa kaɗai ba ne," ya ce. "Barad ne."

"Ƙanƙara?" in ji Goggo. "Ya Sattar."

Na ce ya taka mota mana. Ya ce a kan wannan tsakuwa hadarin ya fi mu gudu, kuma gudu cikin ƙanƙara shi ne fasa gilashi da hannunka. Na ce to mu fake. Ina? Masu manyan gonaki sun sare kowace bishiya don tarakta ta samu hanya. Ba gida, ba rumfa, ba gada, ko bukkar mai gadi babu. Mu kaɗai ne abin da ya fi dawa tsawo a duk filin.

Ya ce dole gaban mota ya fuskanci iskar, mu rufe shi da duk abin da muke da shi, don gilasan gefe ba su da ƙarfi, in ta same su a kaikaice sun tafi. Juya mota a kan radmiyya mai faɗin tabarma biyu ba wasa ba ne. Na sauka ina nuna masa. Gaba kaɗan, baya kaɗan. Tayar baya ta taɓa bakin laka ta zame, na ƙwala ihu. Ya taka, tsakuwa ta watsu, ta hau. A lokacin har mun fara jin ƙarar daga nesa, wata irin rugugi a cikin dawa kamar garken shanu na tahowa.

Muka haye baya muka warware igiya. Katifa muka fara jefowa, muka shimfiɗa ta a kan gilashin, iska ta ɗaga ta nan take ta yar. Yaya ya ce sai an danne ta da gadon. Na fizgo wani farin zanin gado na yafa a kan angarib ɗin don mu ɗaure katifar da shi, na kama ƙafa biyu, ya kama biyu, muka ɗaga shi kan kafaɗa muka nufi gaban mota.

Ihun da Goggo ta yi har yanzu yana kunnena.

"La ilaha illallah! Ku sauke! Ku sauke shi, 'yan banza!"

Ta diro daga mota, tsohuwar da ke cewa gwiwa ta hana ta ruku'u, ta sha gabanmu ta riƙe gadon da hannu biyu. Sai a lokacin na ga abin da ta gani. Angarib a kafaɗar mutane, an rufa masa farin ƙyalle. Haka ake fita da gawa a ƙasar nan. Kuma gadon da Adda za ta kwanta a kai ta haihu ne.

"Goggo, don Allah matsa, mota za ta lalace!"

"Ta lalace ɗin! Gadon mai ciki za ki mayar makara? Ke wace irin yarinya ce?"

"Katako ne da igiya!"

"Uwarki ce katako!"

Curin ƙanƙara na farko ya faɗo a kan bonet, ƙwal, kamar an jefa dutse. Na biyu ya faɗo kusa da ƙafata, ya kai ƙwan zabuwa. Yaya na tsaye da rabin gado a kafaɗa, ba ya iya ture Goggo, ba ya iya saki. Ni kam har na fara tunanin in ture ta, a yi ta ta ƙare daga baya. Sai na ji wata 'yar ƙara daga gilashin, tas. Duk muka juya.

Goggo ta dubi gilashin, ta dubi gadon. Ta fizge farin zanin ta cusa shi a hammata.

"Ku sauke shi ƙasa," ta ce. "A hannu za ku ɗauka, ƙasa da ƙugu. Ke, ɗauko jar tabarma. In za a rufe shi da ja za a rufe."

Haka aka yi. Muka kinkimi gadon a hannu kamar ana gyaran ɗaki, muka kife shi a kan katifar, Goggo da kanta ta baza birish ɗin tana bismillah. Yaya ya zarga igiya ta ƙofofi ta ratsa cikin mota. Buhunan dawa muka jingina wa gilashin baya. Siniya da murfin tukunya suka rufe fitilu. Ina ɗaure igiyar ƙarshe wata ƙanƙara ta same ni a goshi, na ga wuta. Da na buɗe ido na ga Goggo da tukunyar miya a ka tana jan hannuna, ƙanƙara na buga mata ganga. A wani lokaci da na yi dariya.

Muka shige muka rufe. Cikin motar duhu, don mun toshe gaba da baya. Sannan ta sauko da gaske.

Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar ba. Kamar maƙera sun taru a kan rufin. Yaya na magana ina ganin bakinsa ba na jin komai. Iska na girgiza motar, igiyar da ke ratsa saman kanmu tana miƙewa tana kuka, ni da shi muka rataya a kanta da hannu bibbiyu. Duk sanda gadon ya ɗaga sai haske ya leƙo ta ƙasan katifa, sai mu ƙara jan igiyar. Madubin gefena ya tarwatse ina kallo. Tafin hannuna ya fara zafi, daga baya na daina jinsa. Goggo na tsakiya da carbi, kuma na lura ba mota take wa addu'a ba, sunan Adda take ta kira. Ni gilashi kawai nake tunani, da tafin Baba a kansa.

Yadda ta zo haka ta tafi, ta bar ruwa zalla. Da muka fito hanya ta yi fari kamar an zubar da gishiri. Bonet duk ya lotse, siniya ta zama kamar fuskar mai zanzana. Yaya ya kwance igiya. Muka ɗaga katifar, ta sha ruwa ta yi nauyin jaki. Gilashin na nan. A kusurwar ƙasa ta dama akwai wani ɗan tauraro, bai kai ƙumbar yatsa ba, na ƙanƙarar da ta riga mu lokacin da muke gardama. Yaya ya zauna a kan tsakuwa ya rufe fuska.

Gaba kaɗan muka wuce wata bas da gilashinta ya zube a kan cinyar direba, fasinjoji na tsintar ɓaraguzai daga jikin yara. Riɗin da muka wuce da safe yana tsaye, a nan ya kwanta, kawunansa a cikin laka. Wani manomi na tsaye a bakin gonarsa hannu a baya.

Mun shiga Mafaza da magariba, kogin Rahad ya cika ya yi ja. Adda ta fito da cikinta tana tafiyar agwagwa, ta ga katifarta tana ɗiga, ta tambayi ko a kogi muka wanke mata ita. Goggo ta harare mu, harara mai cewa wanda ya ambaci farin zani ya mutu. Ba mu ambata ba. Aka ba mu kisra, wainar dawa mai laushi, da miyar kifi, na ci da hannun hagu a ɓoye don na dama ya ƙi rufuwa.

Washegari muka juyo ni da Yaya, a hankali, kowane rami sai ya dubi tauraron ya ga ko ya yi ƙafa. Bai yi ba. Baba na ƙofar gida da sandarsa. Bai ce sannu ba, ya wuce mu ya tafi gaban mota, ya bi gilashin da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya tsaya a kan tauraron ya daɗe.

"Wannan zai kai mu kaka," ya ce. Sai a sannan ya ɗago ya ga goshina. "Ke kuma wa kika yi wa rashin kunya?"

Ban ji haushi ba. Ni ma da gilashin zan fara.

Abin da na koyo ba shi da yawa. In za ku bi hanyar nan da damina, ku ɗauki tsohon bargo mai kauri da igiya ku ajiye bayan kujera, kada ku dogara da kayan mutane. In kun ga hadari mai koren ciki kuma iska ta yi sanyi, ku tsaya tun da wuri, ku juya gaban mota ga iskar, ku rufe. In kuma akwai tsohuwa a motar, ku tambaye ta kafin ku taɓa komai, ya fi sauri.

Adda ta sauka lafiya ranar Juma'ar da ta wuce, mace, a kan wannan angarib ɗin. Goggo ta kira ta ce saboda jar tabarma ne. Wannan karon ban yi gardama ba.