Muttaka Mai P

A shekarar 1976 na fara sanin Muttaka Sani Paki, lokacin da aka turo mu koyarwa wata firamare a Ikara. Ni na fito daga makarantar mishan, shi kuwa ɗan gidan malamai ne, mahaifinsa yana karantar da Alƙur'ani. Ɗaki ɗaya muka kama, risho ɗaya. Yakan kira ni Fada, alhali ban taɓa hawa bagadin coci ba, ni kuma in ce masa Liman.

A zamaninmu sunan gari ake liƙa wa yaro a rajista. Su biyu ne Muttaka Sani daga garinsu a aji guda, sai hedimasta ya rubuta ɗaya Paki, ɗaya Faki, don ya bambanta su a takarda. A baki kuwa babu bambanci, Bahaushe duk Faki zai ce.

Mai F ya yi nisa, har ya zama babban darakta a Kaduna. Mai P ya shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi tsakanin Ikara, Kudan da Dandamisa. Wasiƙun masu neman aiki wurin Mai F sukan ɓata hanya su zo hannun Mai P. Sai ya gyara harafin da jan biro, ya mayar gidan waya. Matarsa Badi'a ta rasu a 2009, ba su haihu ba. Ya yi ritaya, ya koma Paki yana noma dawa.

Wata Talata a 2018, ina gida a Makarfi, na ji a rediyo cewa Allah ya yi wa Malam Muttaka Sani Faki rasuwa. Ban tsaya jin sauran ba, na nufi tasha. Da na isa Paki, na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa.

"Fada, lafiya kake haki haka?"

"Liman, ai cewa aka yi ka mutu."

"Mai F ne, Allah ya ji ƙansa. Kai da turancinka ma ba ka raba mu ba?" Ya yi dariya har da tari. Can ya ce, "Zauna mu gani. Yaran da na koyar sun fi dubu, dole wani ya yi irin kuskurenka."

Ya shimfiɗa tabarma ta biyu. Motoci suka riƙa wucewa zuwa gidan dangin marigayi, muna jin su. Wayarsa tana gefensa, sau biyu ya ɗaga ta ya duba ko caji ne ya ƙare. Da aka kira la'asar, ya tashi ya naɗe tabarmar.

"To, na ga jana'izata," in ji shi. "Mutum ɗaya, shi ma ba zai bi sallar ba."

A 2021 matata Hannatu ta rasu. Coci ya cika, 'ya'yanmu suka zo daga Abuja, kwana uku suka koma bakin aiki. A rana ta huɗu gidan ya yi tsit. Da hantsi na ji sallama. Muttaka ne, da sandarsa da buta, ya canza mota biyu kafin ya iso. Ya yi mini ta'aziyya a gajarce, ya zauna a kujerar Hannatu. Da rana ta karkata, ya tambaye ni ina ne gabas a gidan nan.