Alƙalin da Ya Zo Daga Amurka

A shekarun alif ɗari tara da sittin ina aiki a unguwar Tandabawi ta Makka, a gidan wani muɗawwifi mai saukar da alhazai. Na haura ashirin, ga mata ga ɗa. A Makka aka haife ni, amma mahaifina da ƙafa ya zo daga Sakkwato, bai taɓa samun takardar zama ba, ni ma na gaji rashinta.

Wata shekara muka sauki wani dattijo baƙar fata daga Amurka. Bayan dawowa daga Mina ƙafarsa ta kumbura, aka ce in riƙa gasa masa da tsumma da ruwan zafi. Wani ɗalibi ɗan Sudan ne ke mana tafinta.

Dattijon ya ce shi ne baƙar fata na farko da ya zama lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara a garinsu. Ranar da ya fara aiki, ɗan sandan ƙofar kotu ya nuna masa bencin waɗanda ake tuhuma. Ya taɓa gurfanar da wani Bature da ya karya wa direba baƙi hannu a gaban jama'a, aka saki mutumin, ya wuce shi yana dariya. Haka ya daure har aka naɗa shi alƙali.

"Amma a nan," ya ce, idonsa ya kawo ruwa, "na ga fari da baƙi a sahu ɗaya. Ku kun huta. Ɗana, me kake son zama?"

Na ajiye tsumman. Na ce, "Alhaji, alƙali na so zama." Na gaya masa tun ina ƙarami nake zaman fiƙihu a Harami, har malaminmu ya tura ni makarantar shari'a. Magatakardan makarantar ya nemi takardar ɗan ƙasa, na ce babu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ya Takruni, ko ka gama wa zai kawo ƙara gabanka?" Takruni suke kiran mu baƙaƙen Afirka.

Na daɗe ina magana. Tafinta ya faɗi 'yan kalmomi kawai. Dattijon ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce, "Masha Allah!"

Da muka fito na tare ɗalibin. "Me ka ce masa?"

"Na ce kana son ilmi. Mutum ya zo daga nesa da farin cikinsa, ya akhi, ɗan'uwana, kar ka ɓata masa hajji."

Na yi ta neman yadda zan gaya wa dattijon da kaina, ba harshe. Ya koma ƙasarsu yana sa mana albarka. Da aikin hajji ya ƙare muɗawwifin ya sallame mu kamar kullum, na koma ɗaukar ruwa a garwa ina kai wa gidajen kan dutse. Littattafaina na fiƙihu na ba wani maƙwabci mai takarda, shi ma bai karanta ba.