Matar da Ta Ƙarasa Maƙalar Ƙanena

Ofishinta na can ƙarshen baranda a sashen nazarin halittu na jami'a, jikin ɗakin da ake ajiye macizai da ƙadangaru cikin kwalabe. Warin maganin da ake jiƙa su a ciki shi ke fara tarbar baƙo. Tun masu shara ba su gama ba take isowa. Ta rataye jakarta a bayan ƙofa, ta ɗiga maganin ido, ta jira hawayen su tsaya, sannan ta kunna kwamfuta ta ga abin da ya shigo: maƙala kan kunkuru, wata kan dafin kububuwa, wata kan kwaɗin da ke ƙwai a gonakin shinkafa. Duk wanda ya gama bincike a kan irin waɗannan halittu ya turo wa mujallar da sashen ke bugawa, a hannunta aikinsa zai fara sauka. Ita ce sakatariyar mujallar. Sunan babban edita ne ke shafin farko. Nata yana can ciki da ƙananan baƙaƙe, inda ba mai dubawa.

Ɗalibai na kiranta Uwar Kwaɗi. Tun tana harararsu har ta koma amsawa. Mu kuwa Malama muke ce mata.

Ba a buga maƙala sai masana biyu sun tantance ta, su kuma masanan kowa da abin da ya sha masa kai. Don haka rabin yininta a waya yake ƙarewa. "Ranka ya daɗe, ba tuni na kira in yi maka ba, gaisuwa ce kawai. Amma tunda Allah Ya sa ka ɗauka, yaya labarin kunkurun nan namu? Har ya fi mai shi saurin tafiya." Mai kula da ɗakin kwalabe, wanda bango ɗaya ya raba su shekara da shekaru, ya ce min bai taɓa ganin ta tura wa mutum saƙon an ƙi aikinsa ba sai ta fara kiransa da bakinta. Ya ba ni labarin wani malamin sakandare da ya yo doguwar tafiya a fusace, don an dawo masa da maƙalarsa a kan hawainiya. Ya shigo yana ɗaga murya. Ta ba shi kujera, ta ba shi ruwa, suka bi aikin shafi-shafi har la'asar. Da shekara ta zagayo aka buga maƙalar.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Idon ya ƙi. Ni ba 'yar fanninsu ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, kuma har gobe ban iya bambance tsaka da kulɓa sai na tsaya na duba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ta yi wa ƙanena.

Auta muke ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Yana koyarwa a kwaleji, yana kuma karatun digiri na uku. Damina bayan damina yana zuwa wata fadama a bayan gari, da takalmin roba da 'yar rikodarsa, yana naɗar kukan kwaɗi. A gida mun mai da shi abin tsokana. Umma takan ce, "'Ya'yan mutane na karatu su zama likitoci, nawa ya ƙare a kududdufi."

Shi kuwa sai ya yi dariya. "Umma, akwai wani ɗan mitsitsin kwaɗo a can, kukansa daban ne. In ta tabbata ba wanda ya taɓa rubuta shi, sunanki zan sa masa."

"Allah Ya kiyaye! Duk faɗin duniya ka rasa wanda za ka yi min takwara da shi sai kwaɗo?"

Amma mun lura ta daina yi masa faɗan taɓon da yake shigowa da shi tsakar gida.

Ya gama rubutu ya tura wa mujallar. Mai tantancewa na farko ya amsa da wuri. Na biyu ya karɓa ya yi shiru, wata ya bi wata. A cikin wannan jiran ne ƙafafun Auta suka fara kumbura. Da aka yi gwaji aka ce ƙoda ce, kuma duka biyun. Ni da nake aikin asibiti na san abin da takardar ke faɗa, amma na yi ta ce masa da sauƙi. Yana kwance ana yi masa wankin ƙoda, hannu ɗaya duk robobi, sai ya miƙo min wayarsa da ɗayan. "Yaya, duba min, sun amsa?"

Ba su amsa ba. Malama ce ke kiransa da kanta, ta gaishe shi da jiki, ta gaya masa inda aka tsaya ba tare da ta yi masa alƙawarin ƙarya ba. Da ta ga na biyun ba shi da niyya, ta karɓe aikin ta ba wani. Wannan ya yi ƙoƙari, ya karanta cikin gaggawa. Amsarsa ta iso muna zaman makokin Auta.

Ranar na fara ganinta ido da ido. 'Yar siririyar dattijuwa ce, da tabarau mai kauri. Ta zauna kusa da Umma ta yi gaisuwa, ba ta ko ambaci maƙala ba. Sai da na rako ta bakin ƙofa ta riƙo hannuna.

"Sista, gyare-gyaren sun iso. A ƙa'ida, in marubuci bai amsa ba, rufe fayil ake yi. Ni na kasa rufe wannan. In matarsa ta yarda, in hankali ya ɗan kwanta, a ba ni kwamfutarsa."

Matar Auta, da goyon 'yarsu a bayanta, ita ta kai kwamfutar har ofis.

Malamin da ke duba karatun Auta ya riga ya koma aiki wata ƙasa. Ya ce ba shi da lokacin bin gyaran, amma duk abin da aka yi zai karanta ya sa hannu. Malama ta je ta sami babban edita ta faɗa masa abin da za ta yi, ta kuma ce ya cire hannunta daga duk wani hukunci a kan maƙalar, tunda yanzu ta zama mai gyara. Sannan ta ɗauki hutunta na shekara, ta cinye shi a wannan ofishi. Likitan ido ya riga ya gargaɗe ta a kan kallon kwamfuta. Sai ta ƙara girman baƙaƙen har kalma kaɗan ke cika fuskar allon, ta ci gaba. Ta sa abin ji a kunne ta bi faifan Auta ɗaya bayan ɗaya, tana gwada abin da ya naɗa da abin da ya rubuta. A tsakanin kukan kwaɗin muryarsa kan shigo, yana faɗin lokaci da yanayin ruwa. Mai kula da ɗakin kwalabe ya ce wata rana ya gan ta tsaye a baranda ta cire tabarau. Ya tambaye ta lafiya. Ta ce, "A faifan ƙarshen nan yana haki. Ciwon ya riga ya kama shi, yaron nan bai sani ba."

Ɗaya daga cikin masu tantancewar ya nemi a tabbatar da taswirar wurin. Malama ta ce in raka ta fadamar. Muka tarar da tifa-tifa na juye ƙasa, an ja igiyoyi, an fara jera bulo. Inda Auta ke tsayawa cikin ruwa har gwiwa, harsashin gini ne. Mai gadin wurin ya ji abin da ya kawo mu, ya yi dariya. "Kwaɗi? Ai Hajiya mun huta da su. Da ba sa barin kowa ya runtsa." Malama ta ɗauki hotuna, muka juyo.

Bayan 'yan kwanaki ta kira mu ofis, ni da matar Auta. Ta ce duk gyaran ya yiwu, sai guda ɗaya. Mai tantancewa ya ce ba za a kira ɗan kwaɗon nan sabo ba sai an kawo wasu irinsa an auna, an kuma yi gwajin ƙwayar halitta. Abin da Auta ya bari kuka ne a faifai, da hotuna, da guda ɗaya tak a kwalba, shi ma maganin ya ɓata shi. Niyyarsa ya koma da damina mai zuwa.

"Wannan sashen sai an cire shi," in ji ta.

Na ji kamar an sake yi min rasuwar. Na ce, "Malama, don girman Allah. Saboda wannan sashen ya yi duk wahalar nan. Ki roƙi mutumin, ki gaya masa mai aikin ya rasu. Wa zai ƙaryata shi? Mutum ya tafi, fadamar ma ta tafi."

"Shi ya sa, Sista," ta ce a hankali. "Da yana raye, in ya yi kuskure zai dawo ya gyara abinsa. Yanzu duk abin da muka sa masa a baki, da shi zai zauna har abada. Kuma mai tantancewar nan gaskiya ya faɗa. Na saurari kukan, ni ma zuciyata na ce min ƙanenki ya yi daidai. Amma ba a buga abin da zuciya ta ce."

Na yi kuka, na yi magiya, ba ta motsa ba. Idonta ya kaɗa ya yi ja, amma ba ta motsa ba. Matar Auta ce ta dafa ni ta ce, "Yaya, bari. Wallahi shi ma da haka zai yi. Sai dai ya kwana yana mita."

Abin da Malama ta iya ceto wa shi ne layi biyu: cewa marubucin ya naɗi wani kuka da bai yi daidai da na kowane kwaɗon da ya sani a yankin ba, kuma an ajiye faifan a ma'adanar jami'a don duk wanda ya zo daga baya. Malamin Auta ya karanta aikin ya ce a ƙara sunanta cikin marubuta. Ta ƙi. Ta ce ita ba ta taɓa shiga ruwan nan ba.

Da mujallar ta fito, da ƙafarta ta kawo wa Umma. Umma ba ta karanta Turanci, balle irin na masana. Ta yi ta juya shafukan har na nuna mata sunansa, da 'yar alamar da aka sa a gefe mai nuna ya rasu. Ta ɗora yatsa a wurin ta daɗe. Can ta ɗago.

"To ina kwaɗon nawa?"

Na buɗe baki zan yi mata kwana-kwana, Malama ta riga ni. "Mama, hujjar ba ta isa ba. Bai samu suna ba. Wataƙila ma ba zai taɓa samu ba."

Umma ta ce, "Ku kunna min in ji kukansa."

Malama ta kunna a wayarta. Wani ɗan siririn sauti ne, kamar ana ƙyasta farce a jikin kofi. Yana cikin yi sai muryar Auta ta shigo ƙasa-ƙasa, don kada ya kore shi: "Ruwa ya ɗauke. Ga shi nan kuma, ta gefen ciyawa." Umma ta ce a sake. Aka sake. Ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. "Ashe da gaske aiki yake yi," ta ce. "Ni ina ta yi masa dariya."

Malama, ke ce kika hana wahalar ƙanena bin sa kabari. Ke ce kika ƙi ni ranar da na fi kowa son a ce min to, kuma yau na san darajarsa kika tsare. 'Yarsa ba ta san fuskarsa ba sai a hoto, amma in ta girma ta tambayi me babanta ya yi a duniya, akwai abin da za mu miƙa mata, wanda ba mai iya cewa an yi masa alfarma. Damo sarkin haƙuri, ashe ba a banza kika yi zama da danginsa ba.

Makon jiya na leƙa ofishin. Tana haɗa kayanta a kwali, tana lalube fiye da yadda take gani. Har yanzu ba a naɗa wanda zai gaje ta ba. Matasan malamai kowa na zillewa, don aiki ne da ba ya kai mutum ga ƙarin girma. Ana ma raɗe-raɗin za a dakatar da mujallar. Na tambaye ta me za ta yi in ta koma gida. Sai ta nuna kwamfutar. "Akwai waɗanda ke layi har yanzu, Sista. Su nake tunani. Kowace maƙala da kika gani, akwai mai duba waya a bayanta."

Ban da abin da zan saka mata da shi sai wannan rubutu da addu'a. Amma ina da roƙo. Kai masanin da aka ba aikin wani ka tantance, ka ajiye shi kana cewa sai ka samu sarari: buɗe shi yau, ko ka mayar a ba wani. Ku kuma matasan da ke wuce ƙofar nan kuna toshe hanci, wani a cikinku ya daure ya shiga ya zauna a kujerar. Ba za a tafa muku ba, ita ma ba a tafa mata ba. Ku je ku koya tun tana iya nuna muku.

Mun gode, Malama, ni da Umma da matar Auta da marainiyarsa. Allah Ya bar miki sauran ganin da ya rage, ki kalli jikokinki da shi. Kin karanta wa mutane abin da ya isa.