Buhun Waken da Na Kasa Kwancewa

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Na ga saƙonninku na ta'aziyya, ban iya amsawa ba. Ku yi haƙuri. Yau na ɗan samu ƙarfi.

Ranar da na gane abin da ke damuna, ina zaune a kan benci a asibiti, a Zuru. Nas ta danna ƙaurina da babban yatsanta, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. Ta ja fatar idona ta duba, ta ce, "Baiwar Allah, me kike ci a gida?"

Na ce tuwo da kunu.

"Sai kuma me?"

Na ce shi ke nan. Babu komai bayansu.

Ga waɗanda ba su sani ba, mijina Ɗanladi ya rasu bayan kaka, a haɗarin babur a hanyar Wasagu. Ya bar ni da 'yarmu Talatu tana shan nono.

Aikinsa na ƙarshe shi ne waken gonarmu ta Dabai. Ya casa, na sheƙe, ya zuba a buhu, ya ɗaure bakin da irin ƙullinsa da nake masa mita a kai don ba ya kwantuwa. Ya ce, "Wannan na gida ne, ba na kasuwa ba."

Bayan an binne shi na kasa taɓa buhun. In na kai hannu kan igiyar, sai in ga yatsunsa. Na rufe shi da tsohon zane a lungun ɗaki, na ci gaba da tuƙa tuwon dawa. Wata rana da miyar kuka, wata rana in jiƙa ƙanzo in sha. Cikina yana cika, na ɗauka shi ke nan.

Da jiri ya fara. Sai haki, ko tsakar gida na share. Ƙafafuna suka kumbura. Kowa ya ce baƙin ciki ne, zai wuce, ni ma na yarda.

Nono ya ragu, na koma ba Talatu koko zalla. Gashinta ya yi ja-ja, ta daina rarrafe. Ko kuka ba ta yi da ƙarfi. Har daɗi na ji, wai na samu yarinya mai haƙuri.

Wata safiya na faɗi a bakin rijiya. Maƙwabta ne suka kai mu asibiti.

Gwaji ya nuna jinina ya yi ƙasa sosai, sai an yi mini ƙari. Ƙanen mijina Bitrus ne ya ba da nasa. Da ya fito riƙe da auduga a hannu ya ce, "Matarmu, yanzu jinin gidanmu ya shige ki. Ba inda za ki." Na so in yi dariya, hawaye ne suka zo.

Talatu kuwa, an zagaya damtsenta da wani abin awo mai launi, ya tsaya a kan ja. Suka ce tamowa ce. Aka fara ta da madara ta musamman kaɗan-kaɗan, daga baya haɗin gyaɗa na cikin leda. Kowace safiya ana ɗora ta a kan sikeli. Ba na iya kallon sikelin, fuskar nas nake kallo.

Akuyarmu ta tafi a kuɗin gwaji da magani.

Likita bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Hatsi yana ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai ba ya gina jiki, ba ya ƙara jini. Mai shayarwa kuma ta fi kowa buƙata. Ba sai nama kullum ba. Babu wake a gidanku?"

Surukata, wadda nake kira Mama, tana zaune a gefen gado. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta san buhun.

Ranar da aka sallame mu, ko ruwa ba ta sha ba ta shige ɗakina ta yaye zanen. Ƙwari sun riga mu, gari yana zuba ta ƙasa. Ta daɗe tana kallon ƙullin, sannan ta ce, "'Yata, ɗana ƙwari ya noma wa, ko 'yarsa?"

Ta ɗauko wuƙa ta farke buhun ta gefe. Ba ta taɓa ƙullin ba.

Kusan rabi ya lalace. Muka tsince mai kyau, ta dafa da manja da zogale, ta zauna a gabana har na cinye. Ta dama wa Talatu nata da laushi. Abinci mafi wuyar haɗiya da na taɓa ci ke nan.

Yanzu kumburin ya saɓe. Ina shan maganin ƙarin jini, ina jan ruwa guga ɗaya in huta. Talatu ta koma rarrafe, ta koyi tsala ihu in an ƙwace mata cokali.

Na gode wa Allah. Na gode wa Mama, da Bitrus, da matan cocinmu da suke kawo ƙwai, da nas ɗin da ta yi mini tambaya ta biyu.

'Yan'uwana mata, in kun je gaishe da wadda aka yi wa rasuwa, kada ku tsaya a "kin ci abinci?" Za ta ce ta ci. Ku tambayi me ta ci, ku leƙa tukunya. Kunun yaro a sa masa gyaɗa ko waken suya. In kun ga kumburi, ko yaro ya yi shiru fiye da yadda kuka san shi, ku tafi asibiti, kada ku jira.

Mama ta ware mudu ɗaya na waken don iri. Ruwa ya fara sauka, gonar Ɗanladi ba a share ba, kuma har yau ban iya taka ta ba.