Randar Goggo Hajo

Uwaisu ɗan Tukur na Likoro bai taɓa son fartanya ba, ita ma ba ta ce tana sonsa ba. Da aka zo neman yaran da za a kai elementare ta Makarfi, ubansa ya miƙa shi ba musu, ya ce a rage masa bakin ci.

A shekararsu ta ƙarshe hedimasta ya raba 'yan ajin ga ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, kowa ya bi ɗaya kwana bakwai ya ga aiki. Wanda aka yaba da shi, a ba shi takardar zuwa Zariya koyon aikin. Uwaisu ya zaɓi Malam Sa'idu duba-gari, mai binciken tsabtar gidaje, saboda kaki da keke. Takardar nan kuwa ita kaɗai ce tsakaninsa da gonar dawa.

Malam Sa'idu kamar ya taka rawa. Shi baligi ne, iyakarsa zaure, sai dai a turo masa wankakkiyar tukunya ya duba. Yaro kuwa wa zai hana shi shiga gida? Ya goya Uwaisu sai Likoro, ya ja birki a ƙofar Jumare mahauci, mijin Goggo Hajo, ƙanwar uban Uwaisu.

Ya ce, "Kai ɗan boko, shiga ka leƙa randa. Ka ga tsutsa, ka zo ka faɗa."

Goggo ta tarye shi da fura. Ya sha ya suɗe ludayi, sannan ya buɗe randa. Ga tsutsar sauro nan suna iyo kamar ranar sallarsu.

"Me kake nema a randata?"

"Aiki ne, Goggo."

"Aiki? Da ruwan randar nan na wanke maka kashi, ɗan nema! Fita ka ce ba komai."

Uwaisu ya dubi Goggo, ya tuna zafin kunyoyin gona a ranar noma. Ya fita ya faɗi gaskiya. Malam Sa'idu ya sa aka fito da randar, aka tuntsurar da ita a gaban jama'a, tsakiyar rani, ruwan da 'ya'yan Goggo suka ɗebo tun daga fadama.

Jumare bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Uwaisu, "Ashe ka girma ban sani ba. Mai ido irin naka ba yaro ba ne. Daga yau iyakarka zaure."

Kafin su kai gida na biyu maganar ta riga su. Kowane zaure da tsoho a zaune, sanda gicciye a ƙofa.

"Ina zuwa, malam? Gidan matan aure ne."

"Baba, ni ne fa, Uwaisu!"

"Mun gane ka, munafuki. Tsaya nan."

Ta saman dangar wani gida ruwan wanke-wanke ya sauko masa a ka. Gida goma sha ɗaya suka yi, ko tsakar gida bai hango ba.

Malam Sa'idu ya harare shi. "To amfaninka me? Tsayuwa a zaure ni ma na iya." Ya hau kekensa shi kaɗai, ya je ya gaya wa hedimasta wai jama'a ba sa son yaron. Duba-gari ke faɗin haka, jama'a! Takarda ta tafi ga wani.

Yau Uwaisu ke kora dokin injin rake a Kudan, zagaye tun hantsi har la'asar, ana dafa mazarƙwaila. Goggo Hajo ta aurar da 'ya'ya biyu tun daga nan. Duka biyun a waje ya ci tuwon bikin, a kwanon baƙi.