Yadda Muka Kai Usur Maradun

Talata Mafara

Ana sallame asuba muka bar sansanin ma'aikatan dam ɗin Bakolori a cikin a-kori-kurar kamfani, ni da Mista Tonu, wanda leburori suka raɗa wa Tanko. Makanike ne, mutumin Estoniya, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ofis. A ƙasarsu ɗan wasan ƙwallon kwando ne, har ranar da gwiwarsa ta hagu ta tashi aiki, ya koma horar da wasu. Da ya zo nan ma bai iya zama haka ba, ya yi waldar zoben ƙarfe biyu, ya share fili, ya tara samari. Ni tafintansa ne, kuma saboda gajartata ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga ba.

Aikinsa ya ƙare, yana shirin barin ƙasar. Manaja ya ce in ba a sami mai riƙe samarin ba, filin zai koma ma'ajiyar bututu. Mutum ɗaya Tonu yake so ya bar wa usur ɗinsa, wato Isa, gwanin 'yan wasansa, wanda ya faɗi ya goce gwiwa tun kaka. Mahaifinsa ya rantse Isa ba zai sake taka filin ba.

Bakura

An ce mana Isa yana gidan wani maɗori a Bakura, saboda haka can muka fara nufa. A shingen hanya ɗan sanda ya leƙo, ya ga gwiwoyin Tonu sun tokare gilashi, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Gonakin albasa sun yi kore shar a gefen magudanar ruwa.

Maɗorin ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura mai sanyi. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ai yaron ya tahi gida. Ƙahwa ta kama, amma tsalle kam sai dai a gani ga wasu."

Na fassara. Tonu ya shafa tasa gwiwar, muka koma mota. A gaskiya ya ba ni tausayi.

Maradun

Rana ta take muka isa, ta hanyar da ta girgiza mana hanji. Gidan yana sabuwar unguwar waɗanda ruwan dam ya tasa. Mun tarar da Malam Ɗanjumma, mahaifin Isa, zaune a zaure yana tufkar igiya, Isa na gefe da sandarsa. Tsohon ya amsa sallama a daƙile.

Tun a mota na gaya wa Tonu ya tsaya daga tsaye ya gaisa, ba wanda zai zargi baƙo. Ya ce shekara uku yana ganin yadda ake gaida dattawa. Kafin in tare shi ya cire takalmi ya durƙusa. Gwiwar ta yi ƙas, fuskarsa ta yi ja, amma sai da ya kai ƙarshen "ina wuni, ina gajiya" da gurguwar Hausarsa. Da ya zo tashi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Isa ya yar da sanda ya tallabe shi, suka yi ta tangaɗi su biyu har suka zube a tabarma, Isa na ta dariya. Wandon Tonu ya naɗe, tabon ɗinki ya fito, dogo kamar sawun garma.

Malam Ɗanjumma ya ajiye igiya. "Mi yas same shi nan?"

"Ƙwallon ce, Baba," in ji ni.

"Kuma bai bar ta ba?"

Na tambaya. Tonu ya ce in gaya masa ya yi shekara guda yana kuka a ɗaki, har wani tsoho ya ba shi usur ya ce ya fito. Tun ranar bai sake tsalle ba, amma da wannan usur ya yi aure, da shi ya rene 'ya'yansa.

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗansa. "Ruwa ya ci gonata, ƙwallo ta ci ƙahwar ɗana. Wanga yaro tun da yad dawo bai yi dariya ba sai yanzu da kunka hwaɗi." Ya miƙa hannu, Tonu ya ciro usur daga wuyansa ya ba shi. Malam ya jujjuya shi, ya tofa masa addu'a, sannan ya rataya wa Isa da kansa. "Busa in ji."

Isa ya busa, awakin gidan suka watse.

Komawa gida

An cika mu da tuwon dawa da miyar kuka, aka ɗora mana buhun albasa. La'asar sakaliya muka shigo Mafara mu uku. Samarin na ganin Isa suka yo kanmu da gudu, ya daka musu tsawa su yi layi. Tonu ya zauna a bakin fili ya miƙe ƙafarsa da ta kumbura, ya ƙi yarda in kira masa likita sai an tashi wasa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na kuma gode wa Malam Ɗanjumma. Ba a taɓa sauke bututu ko ɗaya a filin nan ba.