Ranar da Yaya Ya Ce In Zauna

Har yau in aka tambaye ni shekarar da na shiga jami'a sai na yi jim, don ni kaina ban tantance ko shiga na yi ko faɗawa ba.

Da na gama sakandare a Kubwa, makarantarmu ta buɗe wani aji na gaba da sakandare, na shekara guda, domin waɗanda ba su samu gurbin karatu ba. Baba ya ce zaman gida ba nawa ba ne, in je. Na je, na ci jarrabawar, aka ba ni takarda, Umma ta cusa ta ƙarƙashin katifa kusa da katin rigakafinmu. Daga nan na shiga wata ƙaramar kwaleji ina difloma a fannin akanta. Ban ko cika zango ɗaya ba wata malama ta ji labarin takardar nan, ta zare tabarau ta dube ni.

"Ke me kike yi a nan? Da wannan ai aji biyu za ki shiga a jami'a, kai tsaye."

Na ɗauka zolaya ce. Ashe da gaske take, ita ta tsaya min kuma har aka ɗauke ni.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ina da wa, Yaya muke ce masa. Shi ya koya min lissafi a kan tabarma, da ranƙwashi da komai, kuma don shi na zaɓi akanta, tunda burinsa ke nan tun ina firamare. Ya sha zana jarrabawar shiga jami'a, yau maki ya gaza, gobe gurbi ya ƙi, yana ta zaman shagon gyaran waya. A wannan shekarar Allah ya yi, aka ɗauke shi aji ɗaya. Umma ta soya waina ta raba wa maƙwabta. Ba a gama wanke tandar ba nawa labarin ya iso: jami'a ɗaya, sashe ɗaya.

"Wato tare za ku fara," in ji Baba.

"A'a Baba, ni aji biyu."

"To aji ɗayan wa zai yi miki?"

Na yi bayani iya yina, ina yi ina ƙara rikicewa. Umma ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an hau bishiya ta ganye ba. Yaya ya ce Allah ya sanya alheri, ya sa takalminsa ya fita.

A gidanmu ba na zama a kujera Yaya yana tsaye, ba na riga shi sa hannu a kwano, kuma in ya dawo ni ce mai kawo ruwa. "Ke, kawo min ruwa," da shi na tashi, har nakan yi ƙunƙuni. Daga ranar da labarina ya iso ya daina aikena. Da kansa yake zuwa randa. Da safe ya riga ni fita don kada mota ɗaya ta kwashe mu. Ba faɗa, ba baƙar magana, gaisuwa kawai, kamar ɗan haya. Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na rasa ko laifi na yi, in kuma laifi ne, wane iri, balle in san yadda zan ba da haƙuri.

A makaranta ma ban samu matsaya ba. Ranar rajista wani ma'aikaci mai tsinto Hausa ya ce min, "Kai sabo ne ko tsoho?"

"Sabuwa ce, oga, amma aji biyu."

"To je layin aji biyu."

Na je, aka ce ba ni da lamba, in koma layin sababbi. Haka na wuni ina safa da marwa tsakanin tagogi biyu. A lakca malami ya ce, "Kamar yadda muka yi bara," kowa ya gyaɗa kai, ni ma in gyaɗa, alhali bara ina Kubwa. Sannan aka ce akwai darussan aji ɗaya da dole in ɗauka, don haka wasu ranakun ajin su Yaya nake shiga, in laɓe can baya ina kallon ƙeyarsa. Ranar rantsar da sababbi ma tare muka sa doguwar rigar nan da hula. Hoton yana nan a bangon Umma, tsakaninmu akwai wurin da mutum guda zai tsaya.

Sashenmu na da wata al'ada. 'Yan aji biyu ke shirya wa sababbi walimar maraba: manya su hakimce a kujeru, sababbi su jeru a tsaye, kowa ya faɗi ko shi wane ne a tsokane shi. Shugabar ajinmu, wata 'yar Filato mai fara'a da Hausarta ba ta gama nuna ba, ta kamo hannuna ta dasa ni a kujerar gaba. "Siniya ne ke yanzu," ta ce. Ban yi tunanin komai ba sai da sababbi suka fara shigowa, na ga Yaya da farar shaddarsa ta Juma'a ya tsaya daidai gabana.

Ƙafafuna da kansu suka miƙe.

"Ina za ka je? Zauna mana!" in ji shugabar.

"Ni ma sabuwa ce," na ce, na nufi layi.

Wata a layin ta ce, "Ke ba tamu ba ce, aji biyu kike."

Na juya, na sake juyowa, na tsaya cak a tsakiyar ɗaki, kujeru a bayana, layi a gabana. Aka fashe da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Baiwar Allah, wai ke ina kike?" Da na san amsar da na ba shi. Idona ya cika, na tsura wa siminti ido.

Sai na ji muryar Yaya.

"Koma ki zauna."

"Yaya, ai kana..."

"Ni na ce ki zauna. Ko don kin shiga jami'a za ki fara musu da ni?"

Na koma na zauna a bakin kujera. Da layi ya zo kansa ya faɗi sunansa, sannan ya nuna ni da haɓa. "Waccan da ke zaune ƙanwata ce. Ni na koya mata lissafi. Duk wanda ya ga ta yi kuskure, ni zai kawo wa ƙara." Aka yi tafi, wasu na ihu wai a ba oga kujera. Ya ce a'a, shi sabo ne, zai tsaya.

Mota ɗaya muka shiga zuwa Kubwa, har muka sauka ina ta saƙa da warwara, ko shiryawa muka yi ko ƙara ɓatawa. Muna shiga gida ya faɗa kujera, ko takalmi bai cire ba.

"Ke," ya ce, "kawo min ruwa."

Da gudu na tafi, har na yi tuntuɓe da butar Baba.